Alhaji Abubakar Imam Da Abin Da Akunsa Ya Koya Mini

Sa'ad da Edita ya nemi mu 'yan ajin ƙarshe kowa ya kawo tarihin wani babban mutum wanda ya riga mu gidan gaskiya, ni ban sha wuyar zaɓe ba. Na ɗauki Alhaji Abubakar Imam. Da fari dai ɗan ƙasarmu ne, gama a Kagara aka haife shi, ni kuwa mutumin Paiko ne, duk cikin Jihar Neja. In ka tashi daga garinmu ka bi ta Minna da Zungeru da Tegina, ba ka kwana a hanya ba sai ga ka a Kagara. Sa'an nan kuma shi ne ya fid da ni daga wata kunya da na sha a darasin insha'i, ko da ya ke ya rasu tun ba a haife ni ba. Bari in fara da kunyar, don masu karatu su san inda na dosa.

A shekararmu ta biyu malaminmu na insha'i ya ba mu wani aiki wanda ba mu saba da irinsa ba. Ya ce kowa ya ɗauko rubutun wani gwani ya feɗe shi, watau ya nuna dabarun da mai rubutun ya bi har maganarsa ta shiga zuciyar mai karatu. Na yi murna a raina, na ce abin nema ya samu. Na ɗauko littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda na sani tun ina yaro. Harshenmu na gida Gwari ne, wanda mu mu ke kira Gbagyi. A makarantar mishan da na yi, Turanci aka fi matsa mana. Hausa kuwa a kasuwar doya na tsince ta, da kuma bakin kakana, wanda ya koyi karatu da girmansa a ajin Yaƙi da Jahilci. Yana da wani tsohon Magana Jari Ce wanda bangonsa ya daɗe da cirewa, ya kan karanta mana da dare, ya juya mana da Gwari inda ba mu gane ba. Sabo da haka na zauna na cika shafi shida, na zuba labarin tun daga farko har ƙarshe, ban bar kome ba.

Da aka komo mana da takardu, sai na ga uku bisa goma da jar tawada. Malam ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce na yi kamar manomin da ya ɗauki doya daga gona ya kai kasuwa, ya kewaya da ita, ya komo da ita gida a ka. Labarin na Imam ne, yana nan cikin littafi, ba wanda ya aike ni in sake ba da shi. Abin da ya ke nema a wurina shi ne amsar tambaya huɗu: wa ke magana, wa ya ke yi wa, me ya ke so mai ji ya aikata, kuma ta wace hanya ya bi da shi. Ya ce in je in karanta tarihin mai littafin tukuna, sa'an nan in sake. To, ga abin da na samo.

An haifi Abubakar Imam a 1911. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne, alƙali kuma a Kagara, asalin gidansu daga Barno ne. A gida ya fara karatun allo da Larabci. Yana da wa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi ƙwarai, yana koyarwa a Katsina, daga baya har ya zama Walin Katsina. Wurinsa aka kai yaron, ya shiga makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda ita ce babbar makarantar horon malamai ta Arewa a wancan zamani, ya fita a 1932, aka ba shi aji a Midil ta Katsina. Ashe shi ma irinmu ne, da alli da allo ya fara, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya.

Ana nan, a 1933 wani Bature, Dokta R. M. East, wanda ke shugabancin ofishin fassara da talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai da Hausar boko. Abin baƙo ne a lokacin. Malaman zaure sun saba rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi da fiƙihu, amma a ce babban mutum ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba, wannan a wurinsu aikin tsofaffin mata ne da yara a dandali. Duk da haka aka samu waɗansu suka gwada, aka zaɓi littafi biyar aka buga. Malam Bello Kagara ya yi Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Shaihu Umar, Malam Muhammadu Gwarzo ya yi Idon Matambayi, John Tafida, mutumin Wusasa wanda shi ma ɗan makarantar mishan ne, ya yi Jiki Magayi tare da East. Na biyar shi ne Ruwan Bagaja na Imam. Wa da ƙane ke nan daga gida guda a Kagara suka kwashe biyu cikin biyar.

East ya lura da abu biyu game da saurayin nan. Ya ga bakinsa da zaƙi, ya iya sa mutum dariya a kan takarda, abin da ba kowa ya iya ba. Ya kuma ga yana ɗebo waɗansu labarai daga littattafan Larabci da na Turanci yana zubawa cikin nasa. Imam kansa bai ɓoye ba, ya ambaci Muƙamar Hariri, wadda almajiran ilmi ke karantawa a zaure, cikin abubuwan da ya sha daga gare su. East bai kore shi sabo da wannan ba, sai ya ga hanya. A 1936 ya roƙi a ba shi aron malamin daga Katsina, ya zo Zariya ya yi wajen wata shida. Aka tara masa littattafan tatsuniyoyi na ƙasashe dabam dabam, Dare Dubu Da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da labarun da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa masu suna Grimm suka tattara, da waɗansu na Hindu. Yana karantawa yana rubutawa, East yana dubawa, su yi gardama a kan kalma, ya koma ya gyara. Wannan shi ne nasa darasin insha'i, kuma na tabbata shi ma ya ga jar tawada. Daga cikin ƙa'idodin da ya ce East ya koya masa akwai cewa kada marubuci ya bar mugu ya ci riba har labari ya ƙare. Abin da ya fito daga zaman nan shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

A nan ne idona ya fara buɗewa. Na koma littafi na ɗaya da tambayoyin malam a hannu, sai na ga abin da na yi shekara goma sha biyar ina takawa ban gani ba. Labarun da ke ciki ba Imam ne ke ba mu su kai tsaye ba. Aku ne ke ba da su, kuma ba mu ya ke ba, Musa ɗan Sarki Abdurrahman ya ke ba. Sarki ya tafi yaƙi, Musa yana ɗokin ya fita ya bi sawu, Waziri kuwa ya ƙulla makirci, in yaron ya fita fada ba lalle ya komo ba. Aku ba shi da dogari, ba shi da takobi. Tsuntsu ne da aka saya da kuɗi, wanda ɗan sarki zai iya sa a murɗe wuyansa in ransa ya ɓaci. Abin da ya ke so guda ne, yaron ya kwana a gida, yau da gobe da jibi, har Sarki ya komo. To, yaya bawa zai hana ɗan ubangijinsa abin da ya yi niyya?

Dubi yadda ya ke yi. Ba ya cewa kada ka tafi, domin ya san saurayi mai zafin jini in ka tare shi gaba da gaba ka ƙara tunzura shi ne. Sai ya nuna kamar yana tare da shi. Sa'an nan cikin magana ya jefa wani ɗan zance, ya ambaci wani mutum da abin da ya same shi, ya yi shiru. Musa ne da kansa zai nemi a ba shi labarin. Da ya ke shi ya roƙa, ba ya jin an tsare shi, yana ganin shi ne ya ga dama ya zauna. Kafin labari ya ƙare gari ya waye. Kuma ba kowane labari aku ke ɗaukowa ba. Wani na ban dariya ne don ya huce zuciyar yaro, wani na ban tsoro ne don ya sa shi tunani, wani kuwa yana nuna ƙarshen mai gaggawa ko mai cin amana ba tare da an kama sunan kowa ba. Da na ga haka sai na tuna abin da malam ya taɓa gaya mana game da Aristo, masanin nan na ƙasar Girka wanda ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. Shi ya kasa hanyoyin rinjayar mai ji kashi uku: amincin da a ke ba mai magana, da motsa zuciyar mai ji, da hujja. A aji na haddace su don jarrabawa kawai. Ashe duk ukun suna nan a bakin wani tsuntsu cikin littafin kakana. Malaman balaga na Larabci su ma abin da su ke koyarwa ke nan, magana ta dace da halin da a ke ciki da wanda a ke yi wa ita, Imam kuwa a gidan da a ke karanta irin waɗannan littattafai ya tashi.

Littafi na biyu gasar ba da labari ce tsakanin aku biyu, na uku kuma Waziri Aku ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Ni a ganina na ukun nan ya kamata kowane ɗalibin malanta ya karanta sau biyu, domin aji ne sosai, da malami da almajiri da gyaran kuskure.

Yanzu sai maganar aro, gama na ji waɗansu abokaina suna cewa ai Imam kwafa ya yi, ba shi da abin kansa. Gaskiya ne da yawa daga cikin labarun suna da asali a wata ƙasa. Amma a ɗauki guda a gwada. Cikin na Grimm akwai labarin wata kuku da ta cinye kaji biyu da aka soya don baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon ya gudu, ta ce wa maigida baƙo ne ya gudu da kajin. A hannun Imam labarin ya zama na Kalala da matarsa Kalalatu. Me ya sa ya mai da kuku matar aure? Domin yaron Katsina ko na Zariya na 1937 bai san wata mace mai aikin dafuwa don albashi a gidan wani ba, amma ya san miji da mata da baƙo, ya san kunyar da ke kama maigida in abinci ya kasa fitowa. Ƙashin labarin na Jamus ne, amma abin da ke sa mu dariya namu ne. Wanda ya yi wannan gyara ya san mutanen da ya ke rubuta wa. Laifin da na ke gani kaɗai shi ne da ba a rubuta asalin kowane labari a cikin littattafan ba, har sai da masu bincike suka zo daga baya suka bi sawu.

A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauko Imam daga aji ya zama editanta na Hausa. Ya riƙe aikin wajen shekara goma sha biyu. Lokacin ana jin ƙishin-ƙishin yaƙi, jita-jita ta cika kasuwanni har da cewa za a ba Hitila ƙasar nan, Gwamnati kuwa tana son hanyar da za ta kai maganarta ga jama'a. Ko sunan jaridar ma abin feɗewa ne. Kwabo ne kuɗinta, sunan kuwa yana gaya wa mai saye cewa abin da zai karɓa ya fi abin da zai bayar, tun bai buɗe shafin fari ba.

A nan Imam ya shiga halin da ya fi na akunsa wuya. Aku mutum guda ya ke yi wa magana, shi kuwa edita iri uku ne ke karanta shi a lokaci guda. Akwai Turawa, waɗanda su ke da jaridar da injin buga ta. Akwai Sarakuna da manyan En'e, waɗanda ba su saba a taɓa su a bainar jama'a ba. Akwai kuma malaman makaranta da akawuna da sauran samari masu ilmin boko, da talakawan da a ke karanta wa jaridar a gindin bishiya, waɗanda ke son a faɗi abin da ke damunsu, cin hanci da zalunci da rashin makarantu. Kalma guda in ta yi wa ɗaya daɗi sai ta ɓata wa biyu rai. Sai ya riƙa bi da karin magana da misali da raha, ya buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, abin da ba zai faɗa da bakinsa ba ya bar wani ya faɗa. Samari masu zafi irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun ɗauki hanyar da ta fi tasa kaifi, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ba, gama akwai ciwon da lallashi ba ya warkarwa. Amma mutane da yawa a Arewa a shafin Gaskiya suka fara ganin cewa talaka yana iya rubuta kukansa a buga.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci 'yan jarida takwas na Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana ciki, shi kaɗai daga Arewa. Dokta Nnamdi Azikiwe ya shirya wata takarda ta neman a sa ranar mulkin kai, ya nemi kowa ya sa hannu. Imam ya ƙi, yana ganin ba wanda ya aiko shi da wannan, kuma Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani. Ya sha suka a kan haka. A can kuma ya gana da Hanns Vischer, wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, da Lugga, tsohon Gwamna, wanda shi ya kafa mulki ta hannun Sarakuna. Ya bayyana wa Lugga, baki da baki da kuma a rubuce, inda tsarin nasa ya ke ciwo, musamman yadda ba a jin muryar talakawa da ta samari masu ilmi. A ce ɗan alƙalin Kagara ya gaya wa wanda ya ci ƙasar da yaƙi cewa gininsa yana yoyo, har tsohon ya saurara, ai sai wanda ya san ta inda a ke shiga. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Sauran rayuwarsa zan taƙaita. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka zaɓe shi ɗan majalisa a 1951, amma siyasa ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma aikin littattafai a hukumar NORLA, ya yi shekaru a hukumar ɗaukar ma'aikatan Gwamnati, daga baya kuma aka ba shi aikin sauraron koke-koken jama'a. Ya rubuta littattafan addini da na tarihi da na makaranta. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni 1981, yana da shekara saba'in.

Akwai abu guda da tambayar malam ta biyu ta tono mini, wanda ban so ba. Da na tambayi kaina wa Imam ya ke yi wa magana, sai na ga ba kakana ba ne. Yaron da ya ke gani a gabansa ɗan birni ne, wanda ya san fada da dogarai da zauren alƙali. Mu Gwari, in mun shiga labarun Hausa na da, yawanci don a yi dariya ne a kan sa mu. Arewar da ya ke karewa a Ingila ma ta Sarakuna ce tukuna. Na sa wannan cikin insha'ina na biyu da ɗar-ɗar, ina tsoron malam zai ce na yi wa babba rashin kunya. Sai ya ja layi a ƙarƙashin wurin, ya rubuta a gefe cewa nan ne na fara aikin da ya sa ni. Ya ƙara da tambayar da har yanzu ina juya ta, ya ce to me ya sa littafin da ba don tsohon aka rubuta ba ya zauna a hannunsa har bango ya cire. Na samu bakwai bisa goma.

Da aka tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni aji shida a wata firamare kusa da gida. Ranar wata Alhamis bayan tara, yara sun gaji, rabinsu hankalinsu yana waje. Na karanta musu farkon labarin aku da Musa, na rufe littafi daidai inda ya fi daɗi, na ce sai sun amsa mini tambaya kafin in ci gaba. Na tambaye su me aku ya ke so. Yawancinsu suka ce yana so ya ba da labari. Wata yarinya a layin baya, wadda tun da na zo ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce ba haka ba ne, so ya ke gari ya waye. Na ba ta alli na ce ta zo ta rubuta a allo, ta rubuta da Hausa, sa'an nan ta juya wa na kusa da ita da Gwari.